Kurakuran da aka fi yi wajen tsara shafin rajistar kwasa-kwasai na jami'a

Ɗalibi ba ya shiga shafin rajista don yawon buɗe ido. Sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, cikin gaggawa, galibi da wayar Tecno ko Itel, data ta kusa ƙarewa, wa'adi kuma ya ƙarato. Shi kuwa wanda ya tsara shafin yana ofis, da kwamfuta mai faɗin fuska da intanet mai ƙarfi. Yawancin matsalolin daga wannan tazarar suke fitowa.

Na farko shi ne tebur. Sai ka ga an jera lambar kwas, sunansa, yunit, zango, malami, ɗakin lakca, sannan akwatin zaɓa a can ƙarshen dama. A kwamfuta ras yake. A waya mai faɗin fiksel 360 kuwa, sai ɗalibi ya ja shafin gefe kafin ya ga akwatin, a lokacin sunan kwas ɗin ya ɓace daga gabansa, ya latsa layin da ke ƙasa da wanda yake nufi. Gyaransa: kowane kwas ya zama kati guda, lamba da suna a sama, yunit a ƙasa, kuma duk inda aka taɓa a jikin katin ya zaɓu. Kada wurin latsawa ya gaza 48 a tsayi da faɗi a ma'aunin Android. Babban yatsa ba tsinke ba ne.

Jimillar yunit ita ce wurin da aka fi wahalar da mutane. A ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ɗalibi mai cikakken karatu yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango. Shafuka da yawa ba sa nuna lissafin sai an latsa maɓallin aikawa, sannan jan rubutu ya fito cewa an wuce iyaka, wani lokaci ma duk abin da aka zaɓa ya goge. Ya kamata jimillar ta tsaya a ƙasan fuska tana canzawa da kowace latsawa: "18 cikin 24". Idan kwas na gaba zai tsallake iyaka, a faɗa tun kafin a zaɓe shi, a kuma faɗi yunit nawa ya rage.

Mai keri-oba ya fi kowa shan wuya a nan. Dole ya fara ɗaukar kwas ɗin da ya faɗi kafin sababbi, amma sai shafin ya bar masa neman su da kansa a jerin ajin da ya wuce. Bayan sati biyu kodinetan aji ya dawo masa da fom, a sake daga farko. Sakamakon jarabawarsa yana cikin rumbun bayanan jami'a, don haka shafin ya san me ya faɗi. A ɗora waɗannan kwasa-kwasan a saman jeri, a riga an zaɓe su, an lissafa yunit ɗinsu, sannan na dole, sannan na zaɓi. Akwai kuma wani tarko: tun da NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin karatun jami'o'i mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, lambobi da sunayen wasu kwasa-kwasai sun canza. Wanda ya faɗi kwas a tsohon tsari zai nemi tsohuwar lamba ya rasa. A ajiye jadawalin da ke haɗa tsohuwar lamba da sabuwa, akwatin bincike ya gane duka biyun. Ya kuma gane "GST111" da "gst 111" abu ɗaya ne.

Kwas ɗin da ba a yarda ɗalibi ya ɗauka ba, kada a ɓoye shi, kada kuma a dusashe shi a yi shiru. A rubuta dalili a ƙarƙashinsa: sai ka ci kwas kaza tukuna, ko lokacinsa ya ci karo da lakcar kwas kaza ranar Talata ƙarfe 10. Saƙo irin "Error 500" ba abin da yake gaya wa kowa sai a tafi layin ofishin kwamfuta.

Biyan kuɗi ma yana da nasa. Ɗalibi ya ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, wato RRR, mai lambobi 12, ya biya a banki, ya dawo shafin yana nuna bai biya ba saboda tabbacin bai iso ba. Wasu sai su ciro sabuwar lamba, a rikice. A raba matsayi uku a fili: ba a biya ba, ana jiran tabbaci, an tabbatar. A sa maɓallin sake dubawa, kuma muddin tsohuwar lamba tana nan a buɗe, ita za a nuna masa.

Sai yankewar sabis. Duk kwas ɗin da aka zaɓa a adana shi nan take, yadda in waya ta mutu ko shafin ya fitar da shi saboda ya daɗe bai taɓa komai ba, zai tarar da aikinsa inda ya bari. Da ya latsa aikawa, maɓallin ya kulle ya nuna ana aiki, in ba haka ba zai latsa sau huɗu. A ƙarshe a ba shi fom na PDF mai cika shafi ɗaya na takardar A4, da gurbin sa hannun kodineta da shugaban sashe, tunda a shagon intanet ana biyan kuɗin kowane shafi.

Gwaji: inda ake yaudarar kai

Kuskure mafi girma shi ne a kira abokan aiki a ce su duba. Sun san shafin ciki da bai, ba za su ɓata ba. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, amma fa idan masu amfanin iri ɗaya ne. A nan ba iri ɗaya ba ne. Ɗan aji ɗaya da bai taɓa ganin shafin ba daban, mai keri-oba daban, wanda ya shigo aji biyu kai tsaye da difloma daban, kodinetan da zai amince da fom ɗari daban. A ɗauki uku ko huɗu daga kowane rukuni, a sa har da mai raunin gani da ke amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya. Kowa ya zo da wayarsa, a kashe wayfai na ofis, a yi da datar layi.

Kada a tambaye su "Ya kuka ga shafin?" Ɗalibi ba zai kushe aiki a gaban malami ba, "Ya yi kyau, Malam" za ka ji. Shi ya sa gara mai gudanar da gwajin ya zama ba malaminsu ba, ya kuma faɗa tun farko cewa shafin ake gwadawa, ba su ba. A ba da aiki takamaimai: "Kina aji biyu, kin faɗi MTH 101, ki yi rajistar zangon farko ki ciro fom." Kada kalmomin aikin su zama sunayen maɓallan da ke shafin, in ba haka ba an ba da amsa ke nan. A roƙi ɗalibar ta riƙa faɗin abin da ke ranta, da Hausa in ta fi sakewa da ita. Idan ta tsaya ta ɗago kai tana kallonka, kada ka nuna mata. Ka ce: "Me kike nema yanzu?" Wannan tsayawar ita ce abin da ka zo gani.

Abu uku za a rubuta: ta gama ko ba ta gama ba, minti nawa ta ɗauka, a ina ta kauce. Wanda ke son maki zai iya ƙarawa da tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani wanda matsakaicin makinsa 68 ne cikin 100, amma maki ba ya nuna maka inda za ka gyara. A gyara matsaloli uku mafiya muni, a sake gwadawa da wasu sababbin ɗalibai bayan sati ɗaya.

Gwajin mutum biyar ba ya faɗa maka abin da zai faru daren rufe rajista, lokacin da dubbai suka danno tare. Wannan gwaji ne na daban: a yi amfani da manhaja irin su JMeter a kwaikwayi cunkoson, a ga a adadi nawa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, take fara nishi. In ba za ta ɗauka ba, a raba ranaku tsangaya-tsangaya ko aji-aji, a rubuta wa kowane ɗalibi ranarsa a shafin farko da ya shiga.