Yadda ake bi da farfaɗiyar da tsilar alade ke haddasawa

Da yawa a Gombe suna ganin wannan cuta ba ta shafe su ba tunda ba sa cin naman alade, alhali ba ta nama take kaiwa ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya ci naman aladen da bai dahu ba, tsila ce ke girma a hanjinsa, yana fitar da ƙwanta a bayan gida. Idan ƙwan ya bi hannun da ba a wanke ba, ko ruwan sha, ko latas ɗin da aka shayar da ruwan kwata, sai ya ƙyanƙyashe a cikin wani, tsutsar ta bi jini ta zauna a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya.

Da farko, idan mutum ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa zane mai laushi ƙarƙashin kai, a janye shi daga murhu ko bakin rijiya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, kuma kada a gudu, domin yawunsa ba ya yaɗa farfaɗiya. Abin takaici ne ganin mutum yana shure-shure a ƙasa jama'a sun yi cirko-cirko daga nesa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Bayan ya farfaɗo, musamman baligin da bai taɓa yi ba, a kai shi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a tambayi likita game da hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI, wanda shi ke nuna ƙullutun tsutsar.

Magani kuwa a bar wa likita. Albendazole da praziquantel suna kashe tsutsar, amma mutuwarta na kumbura ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake haɗawa da maganin kumburi da na farfaɗiya. Sayensu a kemis a sha da ka na iya tsananta ciwon.

Daga nan a gwada bayan gidan mutanen gidan, har da mai dafa abinci, domin mai ɗauke da tsilar sau da yawa lafiyarsa lau yake ji. A tanadi sabulu kusa da buta a ƙofar masai, a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yi kwaɗo.