Yadda za ka gwada filtar baƙin mai kafin a ɗaura wa motarka

A wurin juyen mai, abin da aka saba gani shi ne yaron shago ya ɗauki tsohuwar filta, ya jera ta da sabuwa, ya ga tsayinsu ɗaya, ya ce "ita ce, Alhaji." Gwangwanin waje kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Filta biyu za su iya zama kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta dace da injinka, ɗaya ta zubar maka da mai a tsakiyar hanya.

Fara da sanin injin da ke cikin motar, ba sunan motar kaɗai ba. Motoci da yawa da ke yawo a titunanmu an sauya musu inji, don haka lambar injin ita ce madogara. Corolla mai injin 1ZZ-FE tana ɗaukar ƙaramar filta irin 90915-YZZF2. Camry mai 2AZ-FE, wato lita 2.4, tana ɗaukar 90915-YZZF1, wadda ta ɗan fi tsayi. Mai silinda shida, 1MZ-FE, tata ita ce 90915-YZZD1, kuma ta fi waɗannan biyun kauri. Honda Accord da Civic da yawa suna amfani da 15400-PLM-A02. Rubuta lambar taka a takarda ka ajiye a mota, ka riƙa saye da lamba, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko a Fanteka a Kaduna.

Sai haƙoran ɗauri, waɗanda ke cikin ramin tsakiya. Iri biyu ne suka fi yawa. Toyota da Golf 3 suna da 3/4-16: faɗin inci uku bisa huɗu, wato milimita 19.05, da haƙori 16 a kowane inci. Honda, Nissan, Hyundai, Kia da Peugeot 406 galibi suna da M20x1.5, faɗin milimita 20. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, kuma a nan haɗarin yake. Filtar Toyota ba za ta shiga kan injin Honda ba, nan take za a gane. Amma ta Honda tana hawa kan injin Toyota, ta yi ta juyawa sakwa-sakwa har ta yi kamar ta ɗauru. Bakin haƙoran kawai ta kama. Ranar da aka taka mota da sanyin safiya, ƙarfin mai ya hau, tana iya fincikewa, man ya tsiyaye cikin ƙasa da minti ɗaya, inji ya buga. Alamar ita ce girgiɗi: idan ka juya filta zagaye biyu ko uku ka ji tana rawa a hannunka, cire ta.

Sai kuma zoben robar da ke fuskar filtar. Dole ya zauna daidai a kan sumul ɗin fuskar ƙarfen injin, kada ya leƙa waje, kada ya faɗa ciki. A ƙananan filtoci faɗinsa wajen milimita 62 ne, a masu kauri wajen 70. Kifa sabuwa a kan wadda ka tabbatar ta asali ce, roba da roba, ka gani ko sun haɗu.

Idan haƙora da roba sun yi daidai, ana iya sa wadda ta fi tsayi? Ana iya, muddin akwai fili, ba ta kusanci bututun hayaƙi ba, kuma ba ta sauko ƙasa inda dutse ko tudun hanya zai same ta ba. Ribar ita ce ƙarin takardar tacewa, don haka ta fi jimawa kafin ta toshe. Amma girma ba ya ƙara kyawun tacewa. Babban gwangwani mai takarda kaɗan a ciki, ƙaramar filta ta asali ta fi shi nesa ba kusa ba.

Cikin filtar akwai bawul biyu, kuma su ne masu jabu suka fi ha'inta a kansu domin ba a ganinsu sosai. Na farko faifan roba ne da za ka hango ta ƙananan ramukan da ke kewaye da na tsakiya. Aikinsa ya hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Baƙar roba ta gama-gari zafi na busar da ita ta ƙage. Mai launin ja ko ruwan lemo yawanci silikon ce, ta fi jure zafi. Idan wannan faifan ba ya rufewa, za ka ji inji yana kaf-kaf na ƴan daƙiƙoƙi da safe, fitilar mai ta yi jinkirin mutuwa. A waɗannan daƙiƙoƙin metal da karanshaf suna gugar juna a bushe, kullum kaɗan-kaɗan.

Na biyu bawul ne mai sifirin, wanda ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa idan takarda ta toshe ko mai ya yi kauri, domin mai datti ya fi babu. A yawancin ƙananan motoci yana buɗewa ne idan bambancin ƙarfin mai tsakanin ɓangarorin takardar ya kai psi 8 zuwa 15 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), wasu injunan Subaru kuma sai ya haura 20. Sifirin mai laushi yana barin mai ya riƙa zagaye takardar koyaushe, kana ganin kana da filta alhali ba ta tace komai. Inda babu bawul ɗin sam, takardar na iya yagewa ko inji ya rasa mai.

Ita kanta takardar, ana auna ta da girman ƙwayar dattin da take kamawa. Gashin mutum kaurinsa wajen maikiron 70 ne, dattin da ke cin inji kuwa ya fi shi ƙanƙanta sosai. Idan kwali ya ce kashi 99 cikin 100, nemi a kan maikiron nawa: 99 a kan 20 ya fi 99 a kan 40 ƙwarai. Ma'aunin da kamfanoni ke bi shi ne ISO 4548-12. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ƙurar ta hanyar filtar iska take shiga, don haka a duba ita ma a kowane sabis.

Hanya mafi tabbaci ta gane ingancin abin da ake sayar maka ita ce ka sadaukar da guda ɗaya. Yanka gwangwanin da zarto kusa da fuskarsa, ka zaro cikin. Duba ko ninkin takardar yana da yawa kuma tazararsa ɗaya, ko gam ya kama bakinta sama da ƙasa babu kafa, ko bututun tsakiya yana da ƙwari, ko akwai tsatsa. A shago kuma haska tocila cikin ramin: ɓurɓushin ƙarfe a haƙora, rubutu mai gogewa da yatsa, gwangwani mai lotsewa idan ka matsa, duk alamun jabu ne.

Camry mai lita 2.5 ta 2010 zuwa 2017 da yawancin Corolla ƴan Amurka na 2009 zuwa 2016 ba su da gwangwani, takardar kawai ake sauyawa: 04152-YZZA1 ga Camry, 04152-YZZA6 ga Corolla. A nan tsayi dole ya zama daidai, domin gajera tana barin mai ya bi ta gefe. Sauya zoben robar murfin, ka tabbatar ya faɗa gurbinsa, ka ɗaure murfin da ƙarfin Nm 25 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Fiye da haka murfin yana tsagewa.

Wajen ɗaura mai gwangwani, fara tabbatar da tsohon zobe ya fito tare da tsohuwar filta. Yakan manne a jikin inji, kuma zobe biyu a kan juna suna fashewa da zarar an tayar. Goge fuskar, shafa sabon mai a robar, juya da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara kashi uku bisa huɗu na zagaye. Sifana ta kwancewa ce kawai. Tayar da mota a sulo, fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi, leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Kashe, jira minti biyar, ka sake duba geji, domin filtar ta sha kusan rubu'in lita. A hanyar ƙura da cunkoso, sauya ta tare da mai duk kilomita 5,000.