Yadda Ake Ɗaukar Hoton Namun Daji a Tafiyar Yawon Buɗe Ido

Mai ɗaukar hoton da ya saba da bikin aure a Birnin Kebbi ko hawan salla a Gusau yakan ɗauka cewa hoton namun daji ba zai ba shi wahala ba, tunda kyamarar ɗaya ce. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na shiga gandun Yankari a karon farko, na dawo da tarin hotunan da yawancinsu bayan giwaye ne suna shigewa kurmi, sauran kuma inuwa ce mai hazo da ba a bambance gwanki da kututture. A wajen biki kana iya roƙon amarya ta juyo, ka ce ƙawaye su matso, ka sake ɗauka har sau uku. A daji kuwa babu wanda zai juyo dominka, don haka aikin duka ya koma ga sanin halin dabba da sanin haske, kuma waɗannan biyun ba a sayar da su a shagon kyamara.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri da lokaci. Gandayen da suka fi kusa da mu, wato dajin Kuyambana a ƙaramar hukumar Maru, da Kamuku a Birnin Gwari, da gandun Tafkin Kainji da ke kudu da Yauri, duk matsalar tsaro ta taɓa su, kuma ba zan ba kowa shawarar ya ɗauki kyamara ya nufi can ba sai hukuma da mutanen yankin sun tabbatar masa da lafiyar hanya. Haka abin yake da Kure a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo a gefen gonakin gero, domin a watan Agusta na 2020 an kashe mutum 8 a wani hari da aka kai wurin. A cikin gida, Yankari da ke jihar Bauchi, wanda aka kafa a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, shi ne wurin da ya fi dacewa da mai farawa, kuma lokacinsa rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suka koma shan ruwa a kogin Gaji. Wanda yake da halin fita waje, sai ya duba Masai Mara a Kenya, ko Serengeti a Tanzaniya, ko Kruger a Afirka ta Kudu. A can ne ake kiran irin wannan tafiya safari, kalmar Suwahili da ta fito daga Larabci, tushenta ɗaya da safara tamu. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken nyumbu, wata dabba mai gemu da ke tsakanin kanki da ɓauna a kama, suke ƙetare kogin Mara tare da jakunan dawa, kadoji na jiransu a ruwa, yawansu kuwa ya haura miliyan ɗaya. A wajen Fabrairu suke haihuwa a kudancin Serengeti.

Game da kayan aiki, ra'ayina shi ne kuɗin da za ka kashe a kan lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, ya fi wanda za ka kashe a kan jikin kyamara amfani. Kyamara ta hannu mai lafiya, haɗe da lens mai jawo nesa daga milimita 100 zuwa 400, ko 150 zuwa 600, ta fi sabuwar kyamara mai tsada da ke ɗauke da gajeren lens irin na biki. Milimita 300 shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi maka aiki a kan manyan dabbobi, tsuntsaye kuwa sai 400 zuwa sama. Waya tana da amfaninta wajen hoton fili da faɗuwar rana da giwar da ta zo gab da mota, amma zakin da ke nesa da taku ɗari zai fito a cikinta kamar ɗan kyanwa, idan kuma ka ja shi da yatsu sai hoton ya dagargaje. Ka tanadi batir aƙalla uku da katin memori fiye da yadda kake zaton za ka buƙata. Soket ɗin Kenya da Tanzaniya irin namu ne, mai ƙafa uku masu kusurwa, amma na Afirka ta Kudu ya bambanta, sai an nemi mahaɗi. Ƙananan jiragen da ke kai mutane cikin gandaye galibi ba su yarda da kayan da suka wuce kilo 15 ba, kuma a jaka mai laushi, don haka gara a rage tufafi da a bar lens a gida.

Sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da wurin tsayawa a cikin motar da ke cike da mutane. Abin da yake aiki shi ne matashi. Ka sa tela ya ɗinka maka ƙaramar jaka ta yadi mai kauri, tsawonta kamar taƙi ɗaya da rabi, ya sa mata zip, ka tafi da ita babu komai a ciki, idan ka isa ka sayi wake ko shinkafa kamar kilo biyu ka zuba. Ana ɗora ta a bakin taga ko a gefen rufin mota, a kwantar da lens a kai, sai ta rungume shi ta shanye rawar hannu. Ranar dawowa sai ka bar wa mai dafa abinci hatsin, ka naɗe jakarka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu a wannan yanki ba mu da uzurin zuwa daji da hannun da bai saba ba, domin makarantar tana bayan gari. Ka je fadamar Argungu ko bakin Gulbin Ka da sassafe, ka zauna kusa da inda Fulani suke shayar da shanu, ka yi ta gwada ɗaukar belbela tana sauka, da zalɓe yana dakon kifi, da carki a doron sa. Wanda ya iya kama belbela a sama, fuka-fukanta a buɗe, idonta a fili, ba tare da farinta ya ƙone ba, ya riga ya koyi rabin aikin. Shanun da ke tafe cikin ƙura da yamma kuwa darasi ne na garken ɓauna, ba tare da haɗarin ɓauna ba. Mako huɗu na irin wannan zai sa yatsunka su san inda kowane maɓalli yake ba sai ka duba ba, abin da za ka gode masa ranar da damisa ta ba ka daƙiƙa biyar kacal.

Haske mai kyau a daji sau biyu yake zuwa a rana, wato awa ɗaya zuwa biyu bayan fitowar rana, da kuma daga bayan la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. Motoci sukan fita wajen ƙarfe 6 na safe, don haka da idar da sallar asuba ya kamata a same ka a shirye, da rigar sanyi, domin Masai Mara tana kan tudu sama da mita 1,500 kuma safiyarta tana da sanyi irin na hunturu. A ƙasashen da ke tsakiyar duniya rana tana miƙewa sama da sauri, taushin haskenta ba ya daɗewa. Da hantsi ya dubi ludayi, sai inuwa ta taru a ƙarƙashin idon dabba, launi ya koɗe, zafin ƙasa kuma ya fara tashi yana kawalwalniya, ta yadda duk abin da ke nesa zai fito a narke komai tsadar lens. A Yankari akwai ƙarin matsalar hazo, wanda yake shafe kaifin hoto gwargwadon nisan abin da ake ɗauka, maganinsa kuwa shi ne a jira dabba ta kusanto maimakon a dogara ga jan nesa. Mai farawa ya sa rana a bayansa. Bayan ya ƙware, sai ya gwada fuskantar ta da yamma, lokacin da ƙurar da garke ya tayar take komawa ja kamar garwashi.

Saitin kyamara ya rataya ne a kan saurin ƙiftawarta. Dabbar da ke tsaye ko kwance tana buƙatar 1/500, wato ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa, mai tafiya 1/1000, mai gudu da tsuntsun da ke sama kuwa 1/2000 ko fiye. Ƙofar haske a bar ta a f/5.6 ko f/6.3 idan dabba ɗaya ce, domin bayanta ya yi laushi ta fito ita kaɗai, a matse zuwa f/8 ko f/11 idan uwa ce da 'ya'yanta ko garke. ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a sake masa mara ya hau ya sauka da kansa, ko da zai kai 3200 ko 6400 da asuba. Masu farawa suna tsoron ISO mai yawa saboda yana sa hoto ya yi tsaki-tsaki, amma tsaki yana gyaruwa a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai kwandon shara. A sa kyamara a kan saitin da ke bin abu mai motsi, a kuma sa ta ɗauki hotuna a jere idan aka danne maɓalli, a ajiye su a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, domin ya fi tsarin JPEG da aka saba da shi karɓar gyara. Wurin da za a saita kuwa ido ne. Idan idon zaki ya fito da kaifi, mai kallo zai yafe wa jelar da ta yi dishi-dishi, amma idan ciyawar da ke gabansa ce ta yi kaifi, hoton ya tashi a banza. Kyamara tana ruɗewa da abu mai tsananin baƙi ko fari, don haka a rage haske kaɗan a kan farin tsuntsu, a kuma duba allo bayan ɗaukar ɓauna kada baƙinta ya koma toka.

Direban da yake jagora shi ne rabin sa'arka. Tun ranar farko ka gaishe shi da mutunci, ka sanar da shi cewa hoto ya kawo ka, ka roƙe shi abu biyu, wato ya riƙa tsayawa ta ɓangaren da rana za ta kasance a bayanku, ya kuma riƙa kashe inji duk lokacin da ya tsaya. Rawar inji ita ce ta ɓata mini yawancin hotunan tafiyata ta farko, ban kuwa gane ba sai da na buɗe su a babban allo a gida. Idan aljihu zai ɗauka, hayar mota kai kaɗai ko tare da masu hoto irinka ta fi, saboda sauran masu yawon buɗe ido sukan ƙosa bayan minti biyar, su ce a tafi neman wata dabbar, alhali abin da kake jira bai faru ba tukuna.

Jiran kuwa ba na makanta ba ne, domin dabbobi suna ba da sanarwa ga wanda ya san alamunsu. Zaki yana iya kwashe awa 18 zuwa 20 a rana yana kwance, amma idan ya fara hamma a kai a kai yana lasar jiki da yamma, to tashi ya kusa. Raƙumin dawa yakan daɗe yana waige-waige kafin ya tale ƙafafunsa na gaba ya sunkuya shan ruwa, kuma hoton da ya fi kyau shi ne lokacin da ya fizgo kansa sama ruwa na feshi daga leɓensa. Babban tsuntsu yana tashi ne yana fuskantar iska, sau da yawa kuma yakan yi kashi gab da tashi. Ungulaye da suka taru a kan itace ɗaya ba su sauka ba suna nuna cewa mai naman yana ƙasa bai gama ba. Kukan gwaggon biri ko na barewa da ya ɓarke farat ɗaya, duk sun zuba ido waje guda, alama ce ta damisa ko zaki a kusa. Buɗe bakin dorina da baƙi suke ɗauka hamma ce gargaɗi ne, kuma duk wanda ya zauna da masuntan Yauri ya san abin da dorina take yi wa kwalekwale idan ta fusata. Giwa tana kaɗa kunne don ta sha iska, amma idan ta baza kunnuwan ta tsayar, ta ɗaga kai tana girgiza shi, to lokacin ajiye kyamara ne a bar direba ya ja da baya.

Wajen tsara hoto, a sauko ƙasa gwargwadon iko. Hoton da aka ɗauka ta taga, daidai da idon dabba, ya fi wanda aka ɗauka daga rufin mota kwarjini, domin daga sama zaki ma ƙanƙancewa yake yi. A bar fili a gaban fuskar dabba ta ɓangaren da ta dosa, a kula kada a yanke ƙafa ko ƙaho ko jela, a kuma duba bayanta kada wata mota ko reshe ya tsiro daga kanta. Ba kowane hoto ne za a cika da fuska ba. Giwayen gandun Amboseli na Kenya a ƙarƙashin dutsen Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, gajeren lens suke so.

Dokokin gandu ba su da yawa. Ba a sauka daga mota sai inda aka yarda, ba a ciyar da dabba, ba a yi mata tafi ko fito don ta juyo, ba a haska mata fitilar kyamara, ba a kuma tayar da jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi sai da izini a rubuce. Kada a sa baƙaƙe ko shuɗɗan kaya, saboda su ne launukan da ƙudan tsando yake bi, a nemi ruwan ƙasa ko ruwan toka. Mutanen Masai na Kenya da Tanzaniya da sauran mazauna kewayen gandaye a nemi yardarsu kafin a ɗauke su, kamar yadda ba za mu so baƙo ya ɗauki iyalinmu a ƙofar gida ba tare da sallama ba. Hoton karkanda kuma kada a sa shi a intanet da bayanin wurin da aka gan shi, saboda mafarautan ƙaho suna bibiyar irin wannan. A sansanin Wikki na Yankari a rufe ƙofa da taga, a riƙe jaka da kyau, domin gwaggon birin wurin ya san zip.

Ƙura ita ce abokiyar gabar da za ta bi ka har ɗaki. Kada a canja lens a fili ko mota na tafiya, a lulluɓe kyamara da rawani ko rigar matashi tsakanin tsayawa da tsayawa. Da dare a hure ƙurar da ɗan famfon roba kafin a goge gilashi da ƙyalle mai laushi, domin goge shi da ƙura a kai daidai yake da goge shi da yashi. Sai a kwafe hotunan ranar zuwa wuri biyu, a sa batura a caji tun janareta bai mutu ba, a mayar da saitin kyamara kan na asuba, wato ƙofar haske a buɗe, ƙiftawa a 1/500, katin memori mai sarari a ciki, a ajiye ta kusa da ƙofa tare da matashin wake.