Zaɓen rezistar shant don batir mai jan wuta da yawa

Rezistar shant rezista ce mai ƙaramar turjiya da ake sawa a hanyar wutar batir, a auna faɗuwar bolt a kanta don a san yawan wutar da ke wucewa. Wajen zaɓenta, abin da nake fara dubawa shi ne wuta mafi yawa da za ta ratsa rezistar, har da fizgar da inbata ke yi lokacin tashi. A batirina amfiya 100 ce. Ina son faɗuwar milibolt 50 (bolt 0.05) a kan rezistar, sai na raba 0.05 da 100, na samu turjiyar om 0.0005, wato miliyom 0.5. Guntun INA226 da nake amfani da shi wajen auna wannan faɗuwar yana karanta har milibolt 81.92, ka ga akwai sarari.

Sai maganar zafi, inda na taɓa tafka kuskure. Amfiya 100 sau amfiya 100 sau om 0.0005 ya ba da wat 5 na zafi. Na sa rezista mai wat 5 cif, ta ɗau zafi har awon ya riƙa karkacewa. Yanzu mai wat 10 nake ɗauka, ta ƙarfen manganin, domin zafi bai cika canza ƙimarta ba.

Haɗin ma kada ka yi masa sakaci. Nemi mai ƙafa huɗu, manyan biyu na ɗaukar wuta, ƙananan biyu na awo kaɗai. In ka ɗauki awo daga kusoshin manyan wayoyi, turjiyar haɗin za ta shiga lissafinka, kuma a miliyom 0.5 'yar tsatsa ma tana ɓata awo.