Yadda za ka haɗa akwatin gem a gida, da yardar abokin zamanka

Akwatin gem irin na gidajen wasa abu huɗu ne aka haɗa: gangar jikin katako, allo, teburin sandar sarrafa wasa da maɓallai, sai kwamfutar da ke tafiyar da wasannin. Mai farawa ya manta da na tsaye tukuna, wanda tsayinsa ke kai santimita 170 zuwa 180 kuma sai mutum biyu su ɗaga shi. A fara da gajere na ɗorawa kan tebur. Falle ɗaya na katakon MDF (wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam) mai santimita 244 da 122 ya ishe shi har da saura.

Kafin sayen katako, a zauna da matar gida ko maigida, domin yawancin abin da ke jawo ƙi ana magance shi ne tun a zane. Abokin zama ba kasafai yake ƙin wasan kansa ba. Abin da yake hange shi ne wurin da akwatin zai cinye, kuɗi, ƙura, ƙara, da kuma rabin aiki da za a jingine a lungu shekara guda. Bayani da baki ba ya kashe wannan fargaba. A yanka kwali daidai girman akwatin, a ajiye shi inda ake so ya zauna na kwana biyu, kowa ya gani ko yana tare hanya ko taga. A rubuta kuɗin kowane kaya a takarda, a ƙara wani abu na ɓarnar katako da kayan aiki, a faɗi jimillar yadda take. Kayan da ke isowa a ɓoye ɗaya bayan ɗaya su ne ke mayar da sha'awa rigima. A kuma bar masa zaɓi na gaske: launin fenti, wurin ajiyewa, da wasannin da za a fara sakawa. Idan ya ce baƙi ko launin katako maimakon zanen jarumai, a bi, akwatin da ya dace da ɗaki shi ke daɗewa a ciki.

Daga nan a fara da kwamfuta, katako na ƙarshe. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da manhajar RetroPie ko Batocera ta isa ga wasannin shekarun 1980 da farkon 1990; tsohuwar kwamfutar tebur ma ta yi, har ta fi ƙarfi. Pi 4 na buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 5 da amfiya 3, kuma caja maras ƙarfi ita ce ke sa wasa yin tsalle-tsalle ko katin ajiya ya lalace. Manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injunan ita ce MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997. Abin da ya fi ruɗa sababbi shi ne fayilolin wasa dole su dace da sigar manhajar: sigar mame2003 na aiki da saitin fayilolin wasa mai lamba 0.78, wani saitin daban sai allo ya yi baƙi ya dawo da kai jerin wasanni. Yawancin waɗannan wasanni suna da masu haƙƙinsu har yau, don haka a nemi waɗanda aka saya ko aka sake su kyauta.

Teburin maɓallai ne ya cancanci a ɓata masa lokaci, don a nan hannu ke zama. Maɓallan Japan irin Sanwa suna son rami mai milimita 30, ƙananan na farawa kuma 24. Na Amurka irin Happ rami 28 suke so. Kada a huda komai sai maɓallan sun iso hannu. Akwai tarko a nan: Sanwa masu maƙalewa an yi su ne don siririn ƙarfe, ba sa kama katako mai kaurin milimita 18, sai dai a rage kaurin katakon daga ƙasa. Maɓalli shida ga kowane ɗan wasa ya wadatar, tsarin da Street Fighter II ya yaɗa tun 1991. Mutum biyu suna buƙatar faɗin da bai gaza santimita 60 ba, in ba haka ba gwiwar hannu ta riƙa karo. Kuma a yi shi na mutum biyun, ko da zai ƙara kuɗi. Akwatin mutum ɗaya yana raba ka da mutanen gida ne.

Sandar ma da magana. Pac-Man da Donkey Kong an yi su ne da sanda mai kusurwa huɗu. In aka buga su da mai takwas, sandar na taɓa kusurwa biyu a lokaci ɗaya, sai jarumin da ke kan allo ya ƙi juyawa a kwana, mutum ya ɗauka laifin manhaja ne. Sanwa JLF tana da faranti a ƙasa da ake juyawa daga takwas zuwa huɗu. A gwada duk tsarin a kan kwali mai kauri ko guntun katako, a buga wasa awa ɗaya, sannan a kwafa ramukan.

Haɗa wayoyi ba shi da wuya. Ƙaramin farantin lantarki na Zero Delay, mai haɗa maɓallai da kwamfuta, yana zuwa da wayoyinsa, ɗaya ga kowane ɗan wasa, a soka a USB. Wani irinsa, I-PAC, kuma kwamfuta na ganinsa a matsayin kibod, kuma waya ɗaya ta ƙasa, wato ta COM, ke bi ta kan duka maɓallan a sarƙe. Makunnin da ke da ƙafa uku, a sa wayoyi a ƙafafun da aka rubuta wa COM da NO. Wanda ya haɗa NC zai ga maɓallin kamar an danne shi har abada.

Allo mai inci 17 ko 19 na tsohon tsari, mai faɗi da tsayi huɗu bisa uku ko kusa da haka, ya fi dacewa da waɗannan wasanni. A tabbatar yana kunnuwa da kansa idan wuta ta shiga, don maɓallinsa zai ɓuya a ciki. Tsohuwar talabijin mai ƙeya a ƙyale ta, tana riƙe wuta mai haɗari ko an zare ta daga soket.

Wajen yanka, a yi gefe ɗaya da kyau, a manne shi a kan na biyu a bi shi, su fito iri ɗaya. MDF na tsagewa idan aka ɗaura sukuru a bakinsa, shi ya sa ake manna ƙananan sanduna a ciki da gam, a fara huda siririn rami, sannan a ɗaura. Bakinsa kuma yana shan fenti, sai an goge da samfefa an shafa fenti na share fage sau biyu. Kwarin da robar rufe bakin katako mai siffar T za ta shiga ana yanka shi kafin a haɗa jikin, bayan haɗawa inji ba ya shiga lungu. Ƙurar MDF laushi gare ta kuma tana cutar da huhu: takunkumi, a waje, a share a ranar.

A bar ramukan iska a baya, sama da ƙasa. A sa maɓallin rage sauti inda hannu ke kaiwa da wurin soka abin kunne. Maɓallan Happ suna da ƙaras-ƙaras da ke ratsa bango da dare, Sanwa sun fi su shiru, kuma wannan kaɗai dalili ne na zaɓar su idan akwatin zai zauna kusa da ɗakin kwana.