Yadda Ake Faɗaɗa Matatun Ruwan Kwata a Ƙasar da Ruwa Ya Yi Ƙaranci: Misalin Jodan

Duk hukumar da ke shirin faɗaɗa matatar ruwan kwata a ƙasa mai fama da ƙarancin ruwa, abin da ya kamata ta fara tantancewa shi ne inda ruwan zai nufa bayan an tace shi, domin wannan ne ke nuna irin injunan da za a saya da kuma iya tsaftar da ake buƙata. A Jodan, inda rabon kowane mutum na ruwa a shekara bai kai mita kubik 100 ba, noma aka nufa da shi: ruwan da ya fito daga matatar As-Samra, mai tace ruwan kwatar biranen Amman da Zarƙa, yana bin kogin Zarƙa zuwa madatsar Sarki Talal, daga nan a sake shi ga manoman rani na kwarin Jodan, ta yadda ruwa mai daɗi zai rage wa birane su sha.

Bayan haka sai lissafin jama'a, kuma a nan ne masu tsari suka fi yin tuntuɓe. Tafkunan tace ruwa da aka gina a As-Samra a 1985 an auna su ne da mita kubik 68,000 a rana, amma Amman da Zarƙa suka bunƙasa har abin da ke kwarara ya ninka hakan fiye da sau biyu, wari ya addabi ƙauyukan kewaye, ruwan da ke fita kuma bai tsarkaka yadda ya kamata ba. Sabuwar matatar da aka buɗe a 2008 ta fara ne da ɗaukar mita kubik 267,000 a rana, ita ma ba a jima ba aka ƙara ta zuwa kimanin 365,000, a daidai lokacin da 'yan gudun hijirar Siriya ke kwararowa. Saboda haka a tanadi fili tun farko, a gina matatar layi-layi, yadda za a ƙara sabon layi ba tare da an tsayar da tsohon ba.

Kada a mance da bututu. Matatar da ba a haɗa ta da gidajen mutane ba kuɗi ne aka binne a ƙasa, shi ya sa yarjejeniyar dala miliyan 275 da Jodan ta ƙulla da MCC, wata hukumar tallafin raya ƙasashe ta Amurka, a 2010 ta haɗa da shimfiɗa bututun kwata a lardin Zarƙa.

Abin da, a ganina, ya fi kashe matatu shi ne kuɗin gudanarwa, musamman na lantarki, tunda injunan hura iska cikin tankuna ba sa hutawa dare da rana. A As-Samra ana zuba lakar najasa cikin manyan tankuna rufaffu, ta ruɓe ta fitar da iskar gas da ke juya janareto, sannan ruwan da ke gangarowa daga tudun Amman yana juya injunan samar da wuta. Waɗannan biyun suna biyan kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da matatar ke ci. An kuma ba kamfani mai zaman kansa kwangilar gini da gudanarwa na shekara 25, don haka wanda ya gina shi ne zai sha wahalar gyara idan ya yi ha'inci a aikin.

Gishiri kuwa irin wannan tacewa ba ta cire shi, don haka dole a riƙa auna ruwan a kai a kai, a gauraya shi da ruwa mai daɗi kafin ya isa gona, a kuma tilasta wa masana'antu su tace dattinsu kafin su sake shi cikin bututun gari. Ƙa'idar Jodan ta hana a shayar da kayan lambun da ake ci ɗanye da wannan ruwa kai tsaye, kuma tilas malaman gona su bi manoma gona-gona su tabbatar ana kiyaye wannan.