Targaɗen idon sawu: abin yi a kwana biyun farko

Yawancin targaɗen da 'yan kokawa da masu buga ƙwallo a rairayin Tahoua ke samu, tafin ƙafa ne ke lanƙwashewa ciki. A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi 3 masu ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta gaba ita ce mafi rauni, ita ke fara miƙewa ko yagewa.

Ka daina wasa nan take. Naɗe ƙanƙara cikin tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, tana ƙonawa. Sai ka ɗaure da bandeji mai roba, daga tushen yatsu ka haura, kana zagaya diddige kamar lamba 8. Yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, ɗaurin ya yi tsauri, sassauta. In ka kwanta, ƙafar ta hau matashi ta fi ƙirji tsawo.

Ruwan zafi da murza, waɗanda mutane suka fi gaggawar yi, su ne ke ɓata lamarin: suna ƙara kwararar jini cikin nama, kumburi ya ƙaru.

In ba ka iya taku 4, ko danna ƙashin idon sawun kansa na zafi, je likita a ɗauki hoto kafin a kai ka wurin maɗori.

Ciwo ya lafa, riƙa tsayuwa kan ƙafar ita kaɗai daƙiƙa 30, sau da yawa a yini. Wanda ya tsallake wannan, targaɗen kan dawo masa.